Kafin a sayi sabon bututun leza, a duba lensi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi wa masu aiki da injin leza a Katsina da Daura bayani kan wani abu da ke cinye musu jari ba su kama bakin zaren ba. Filin da ɗan yawa muke so, don maganar akwai lissafi a ciki.

Injin yanka da zane da hasken leza ya shigo hannun masu allon talla, da masu hatimi, da masu kambun karramawa na roba, har da masu zane a fata. Ranar da ya ƙi huda katakon da ya saba hudawa, ko bakin yankan ya yi faɗi ya yi baƙi, hukunci ɗaya aka saba yankewa: bututu ya mutu, a aika Kano ko Legas a kawo sabo. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Bututu haske kawai yake bayarwa. Mai mayar da hasken nan wuƙa ita ce 'yar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da ke cikin kan injin, mai faɗin milimita 18 ko 20, wadda ake kira lensi. Aikinta ta tattara hasken a ɗigo guda. Idan ɗigon ya ninka faɗi sau biyu, filin da wutar ke bazuwa a kai ya ninka sau huɗu, zafin ya koma rubu'i. Injin wat 80 sai ya riƙa cizo kamar na wat 20, alhali bututunsa lafiya lau.

Hasken bututun iskar CO2, irin wanda Kumar Patel ya ƙirƙiro a Amurka a 1964, ido ba ya ganinsa. Masu sauraren rediyo sun san mita 31 da mita 49 a gajeren zango. To shi ma haske zango gare shi, na wannan bututu maikiron 10.6 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Gilashin taga da na tabarau shanye wannan haske suke yi su tsage, shi ya sa ake yin lensin da haɗin zinki da seleniyam, wanda ake rubutawa ZnSe.

A makaranta ana zana lensi a allo, a ja layuka, duk su haɗu a wuri guda cak. Wannan a allo ne kawai. Galibin lensi doronsu yanki ne na ƙwallo, saboda siffar ƙwallo ta fi sauƙin gogewa a masana'anta, ita kuwa siffar ƙwallo ba ta tara haske a wuri guda. Hasken da ya bi ta gefen lensi ya fi lanƙwasa, sai ya haɗu kusa da lensin. Wanda ya bi ta tsakiya ya haɗu can gaba. Maimakon matattara guda sai a sami jerin matattarai, ɗigon ya zama da hazo kewaye da shi. Wannan ita ce bauɗewar ƙwallo, babbar yayar sauran. Matsalar ta daɗe da sanuwa. Ibn Sahl, masanin lissafi a Bagadaza, tun wajen shekarar 984 ya fitar da siffar doron da ke tara haske ba tare da wannan illa ba. A tsakiyar shekarun 1850 Bajamushe Ludwig von Seidel ya kasa bauɗewar haske mai launi guda gida biyar, rabon da ake bi har yau. Kuma kada mai ƙaramin shago ya ga abin kunya ne ta same shi. Na'urar hangen taurari ta Hubble da aka harba a 1990, an goge gefen madubinta mai faɗin mita 2.4 da kuskuren maikiron 2 da ɗoriya, hotuna suka riƙa zuwa da hazo, sai a Disamban 1993 'yan sama jannati suka je suka sa mata madubai na gyara, kamar a yi wa mutum tabarau.

Ga lissafin da ya kamata kowane mai injin ya rubuta ya liƙa a bango. Abu biyu ne ke jayayya kan faɗin ɗigo. Na farko ɗabi'ar haske ce, ba laifin lensi ba: a ninka 1.27 da tsawon zango, a ninka da tazarar matattarar lensi, wato nisan da ke tsakanin lensi da inda yake tara haske, a raba da faɗin zaren hasken da ke shiga. Da lensi mai tazarar matattara inci 2, wato milimita 50.8, da zare mai faɗin milimita 6, ana samun ɗigo na milimita 0.114, ya ɗan ɗara kaurin gashi. A wannan ɓangare, yadda zaren ya ƙara faɗi haka ɗigon ke ƙara tsukewa. Na biyu ita ce bauɗewar ƙwallo, ita kuma akasin haka take: a ninka faɗin zaren da kansa sau uku, a raba da tazarar matattara da aka ninka da kanta, a ninka da 0.0286 idan lensin ZnSe ne mai doro a fuska ɗaya, ɗaya fuskar a shafe. A zare mai milimita 6 amsar 0.002 ce, ba abin a zo a gani ba. A milimita 12, ɓangaren farko ya sauko 0.057, na biyu ya hau 0.019, jimla 0.076. A milimita 20, na farko 0.034, na biyu ya yi tsalle zuwa 0.089, jimla 0.123. Wato wanda ya kashe kuɗi ya faɗaɗa zarensa zuwa milimita 20 ya koma baya da inda ya taso. Haɗa ɓangarorin biyu kai tsaye lissafin kusa ne, amma ya isa ya nuna cewa ga wannan lensi wajen milimita 12 ne daidai. A kuma tuna lensi na bukatar faɗin da ya kai ɗaya da rabi na zaren, in ba haka ba gefen hasken ya riƙa dukan ƙarfe.

Lissafin nan ya kuma warware wata gardama da ake yi a shaguna, ta wace fuska ce ke kallon sama. Doro ne ke kallon inda haske ke fitowa, shafaffiyar fuskar ta kalli abin da ake yankawa. Dalili shi ne a haka fuskokin biyu ke raba aikin lanƙwasa hasken tsakaninsu. In an kife, fuskar farko ba ta yi komai ba, ta biyu ta ɗauki kayan duka. A lensin ZnSe kifewa na ninka bauɗewar sau uku da ɗoriya, a na gilashi kusan sau huɗu. Sai dai a faɗi gaskiya: a ƙaramin injin mai siririn zare na milimita 6, sau uku na 0.002 ba zai hana yanka ba, abin da mai injin zai fi gani shi ne matattarar ta gusa daga inda ya saba. Inda kifewa ke yin ɓarna shi ne gajeren lensi da faffaɗan zare. Lensi mai tazarar milimita 38.1 da zare mai faɗin 15, bauɗewarsa 0.066 ce in an sa shi daidai, in an kife ta haura 0.2.

Akwai lensin da ya fi wannan, mai siffar sakaina, doro a waje kwarmi a ciki. Tun da ZnSe na lanƙwasa haske da ƙarfi, ma'auninsa 2.4 ne, na gilashi kuwa 1.5, siffar sakaina ce ta fi dacewa da shi. Lambarsa 0.0187 ce maimakon 0.0286, ragin kusan sulusi ke nan. Shi ma doro sama, kwarmi ƙasa. Mai zanen ƙananan rubutu a hatimi da gajeren lensi zai ga amfaninsa. Mai yanka roba mai kaurin milimita 10 kuwa ba nan matsalarsa take ba. Shi zurfi yake bukata. Da lensin inci 2 da zare mai milimita 6, ɗigon na riƙe tsukewarsa ne wajen milimita ɗaya sama da matattara, ɗaya ƙasa. Lensin inci 4 na ninka faɗin ɗigo sau biyu amma ya ninka zurfin nan sau huɗu, sai bakin yankan ya miƙe maimakon ya fito kamar bakin gatari. Wanda ya fi su duka shi ne lensin da aka sassaƙa doronsa ba bisa siffar ƙwallo ba, jikan wancan tunani na Ibn Sahl. Yana da tsada, kuma ba ya yafe ko ɗan karkata wajen ɗaurawa.

Ta yaya mutum zai ga ɗigonsa? A sami fallen katako mai tsawon milimita 200, a tokare ƙarshensa ɗaya ya ɗaga milimita 10, ya zama gangare. Kowane milimita 20 a tsawonsa daidai yake da milimita ɗaya a tsayi. A sa injin ya ja layi guda a kai da sauri, da wuta kaɗan. Layin zai faro da faɗi, ya tsuke, ya sake faɗi. Inda ya fi tsukewa nan ce matattara. A auna tazarar bakin kan injin da katakon a wurin, a yanka ɗan ma'auni mai wannan kauri a rataye shi jikin injin. Sannan a duba layin da gilashin ƙara girma. In ɓangarorin biyu sun yi kama da juna, lensi lafiya. In ɗaya na da kaifin gefe, ɗaya kuma ya yi dishi-dishi da ƙuna a kewaye, akwai bauɗewa.

Bauɗewa ta biyu ita ce ta fi yawa a shaguna, kuma gyaranta ko sisi ba ya ci. Idan haske ya shiga lensi a karkace, ɗigon kan fito da jela kamar tauraruwa mai wutsiya. Alamarta a aiki: a yanka murabba'i a roba mai kauri, sai gefe ɗaya ya miƙe, na kishiyarsa ya jirkice. Ko yanka ya yi kyau a kusurwar gadon injin (inda ake ɗora aiki) ta kusa da bututu, ya lalace a ta nesa. In abin ya yi tsanani hasken na gogar bakin hanci, wato tsinin kan injin da haske ke fitowa, hancin ya yi zafi, layi ya fito da inuwa a gefensa. Duk wannan saitin madubai ne. Madubai uku ne tsakanin bututu da lensi, kowane da kusoshin saiti a bayansa. A liƙa salatif na takarda a bakin ramin da ke gaban madubi na biyu, ba a kan madubin ba, don hayaƙi zai ɓata shi. A jawo hannun injin kusa da madubi na farko, a rufe murfi, a ɗana wuta sau ɗaya da ƙarfi kaɗan, kamar kashi 10 zuwa 15, gwargwadon yadda zai bar tabo bai kama da wuta ba. A tura hannun can ƙarshe a sake ɗanawa. Tabo biyu za a gani. A juya kusoshin madubi na farko kaɗan-kaɗan, rubu'in zagaye ma ya yi yawa, har tabon nesa ya hau kan na kusa. Kuskuren da aka fi yi shi ne neman tsakiyar rami tun farko. A fara haɗa tabon biyu tukuna, domin shi ke nuna haske na tafiya daidai da layin dogon injin. Bayan nan, in tabon bai faɗa tsakiya ba, mazaunin madubi ko na bututu ake matsarwa gaba ɗaya. Haka za a maimaita a gaban madubi na uku ana juya na biyu, a gwada kusurwa huɗu na gado. Na ƙarshe, a ɗana a kan katako gado na sama, a saukar da gadon milimita 50 ba tare da an motsa katakon ba, a sake ɗanawa. In tsakiyar tabon biyu ba ɗaya ba ce, haske ba a tsaye yake sauka ba, madubi na uku ke son taɓawa. Injin da ke zaune kan daɓen da bai daidaita ba, ko janareta na girgiza shi a gefe, saitinsa ba ya daɗewa.

Ta uku masu tabarau sun san sunanta a asibitin ido, astigimatizim. Lensi na tara haske ta tsaye a wani tsayi, ta kwance a wani tsayin daban, ɗigon ya fito kamar ƙwayar shinkafa. A gwada da zana alamar tarawa a tsayi daban-daban, ana ƙara rabin milimita. In layin tsaye ya fi kaifi a wani tsayi, na kwance a wani, ita ce. Sanadinta a irin waɗannan injina bai wuce uku ba: an ɗaure zoben da ke riƙe lensi da filaya har lensin ya lanƙwashe, ko an matse madubi a mazauninsa, ko tsakuwa guda ta shiga ƙarƙashin lensi ya zauna a gicciye. Zoben nan da yatsu ake ɗaure shi, ya tsaya daidai inda lensi ya daina kaɗawa in an girgiza, a bar masa sararin da zai buɗa in ya ji zafi.

Sai wadda muke ganin ta fi kowacce cutar da mutanenmu, ita kuma ba a masana'anta aka yo ta ba, a shago ake haifarta. Sabon lensi mai kyau bai shan ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari na hasken da ke ratsa shi. Da zarar ƙura ko hayaƙin katako ko maiƙon yatsa ya zauna a kansa, wurin ya fara shan wuta. Tsakiyar lensi ta fi gefensa zafi, ZnSe kuwa in ya yi zafi ƙara lanƙwasa haske yake, sai matattara ta janye sama ta bar abin da ake yankawa. Alamarta ba ta ɓuya: da safe injin na yanka tsaf, bayan 'yan mintoci ya fara barin ƙasan katako bai huda ba, a kashe a huta ya dawo daidai. Mai shago ya ce bututu ne ke gajiya. A yi gwajin gangaren nan injin na sanyi, a yi aiki mai nauyi na minti biyar, a sake gwadawa nan take. In matsatsin layin ya matso kusa da lensi, an kama ɓarawo. In aka ƙyale, wata rana lensin zai tsage.

A Katsina da Daura, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba sai an gaya wa kowa halin ƙurar hunturu ba. Cikin ƙurar nan akwai ɓurɓushin yashi, kuma yashi ya fi ZnSe tauri nesa ba kusa ba. Wanda ya ɗauki gefen rigarsa ya goge lensi kamar yadda yake goge tabarau, sanfefa ya yi masa. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan. Fuskar lensin na da siririn shafi mai hana haske komawa baya. In ya goge, kowace fuska na mayar da kashi 17 cikin ɗari, biyun su cinye kusan kashi 30 na wutar da aka saya da kuɗi. Ga yadda ake wankewa. A wanke hannu a sa safar roba, a riƙe lensi ta gefensa, a kan tsabtataccen ƙyalle mai laushi don ko ya suɓuce. A fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran kyamara, ba da baki ba, don yawu na bin numfashi. A ɗora takardar goge lensi a kai, a ɗiga asiton mai tsarki ko sifirit na aisofurofil mai kashi 99 ɗigo ɗaya ko biyu, a ja takardar a hankali zuwa gefe ɗaya ba tare da dannawa ba. A yar da ita, a ɗauki sabuwa in ana son maimaitawa. Sifirit na kemis da ake wanke ciwo akwai ruwa da yawa a ciki, yana barin tabo. Ruwan goge jan farce akwai mai. A ɗaga lensin a hasken taga a duba. Tabon da ya ƙone ya shige jiki ba ya fita, wannan sai sabo. Fasasshen lensi kuma kada a taɓa shi da hannu tsirara ko a jefa a wuta, seleniyam guba ne, a ƙulle shi a leda.

Rigakafin ya fi wankin muhimmanci. Iskar da ake hurawa ta bakin hanci ita ke korar hayaƙi daga lensi, kada a fara yanka ba a kunna ta ba. Amma kwamfiresa na turo ruwa da mai, musamman da damina, don haka a sa matatar ruwa a tiyo a riƙa zubar da abin da ta tara. Ruwan sanyaya bututu a bar shi wajen digiri 20. A bazara da zafi ke haura digiri 40 wasu kan zuba ƙanƙara a bokitin, sai bututu ya yi gumi har madubin bakinsa ya jiƙe. Kada kuma a yanka robar PVC, wato irin ta bututun ruwa da ta shimfiɗar ƙasa. Hayaƙinta asid ne, yana cin madubai da ƙarfen injin da huhun mai aiki.

Maganar launi gajera ce, don leza launi ɗaya gare ta. Tana tasowa ne in an yi saiti da wani haske aka yi aiki da wani, don gilashi ba ya lanƙwasa kowane launi daidai da ɗan'uwansa. Lensin nau'in gilashin da ake kira BK7 da ke tara jan haske mai zangon nanomita 633 (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiron) a milimita 100, zai tara hasken injin zanen ƙarfe mai nanomita 1064 a wajen milimita 101.7. Wanda ya nemi matattarar injin zanen ƙarfe ta hanyar kallon inda jan ɗigon nuni ya fi tsukewa, zai iya kuskure da abin da ya isa ya hana zane kamawa. Jan ɗigon wuri yake nunawa, tsayi kuwa da ainihin wutar ake nemansa a kan guntun ƙarfe. Maganin rabuwar launi tun ƙarni na 18 aka samo shi a Ingila, John Dollond ya yi masa rajista a 1758: a haɗa lensi mai doro da mai kwarmi na gilashi iri biyu, kuskuren ɗaya ya kashe na ɗaya. Irin wannan tagwayen lensi na rage bauɗewar ƙwallo ma, shi ya sa ya dace da ƙaramar leza ta ɗakin gwaji. A wuta mai ƙarfi gam ɗin da ya haɗa su ƙonewa yake, sai a nemi waɗanda iska ce tsakaninsu.

Injin zanen ƙarfe, wanda ke rubutu a zobe da kofi da bayan waya, ƙananan madubai biyu ne ke wurga hasken hagu da dama. Lensi na gama-gari da zai tara shi ne a kan fili mai kwarmi kamar cikin akushi, tsakiya ta yi kaifi gefe ya dushe. Shi ya sa ake sa masa lensi na musamman mai gilasai da yawa a ciki, da ake kira ef-tita, wanda ke shimfiɗe filin. Mai tazarar milimita 160 na ba da fili milimita 110 sau 110. Wasu kan canza zuwa mai fili 300 sau 300 don su ɗauki manyan ayyuka, su yi mamakin zane ya daina nutsewa. Tazarar wannan wajen 420 ce, ɗigon ya ninka sau biyu da rabi, zafin ya ragu kusan sau bakwai. Kuma duk sa'ad da aka canza lensin sai an zana murabba'i an auna gefunansa, a gyara a manhaja, in ba haka ba zai fito da ciki kamar ganga ko da ƙugu kamar kalangu.

Ƙananan injina masu shuɗin haske, na nanomita 450, da tasu illar suke zuwa tun daga gida. Hasken na fitowa daga wata siririyar tsaga, yana buɗewa digiri 30 zuwa 45 ta fuska ɗaya, wajen digiri 10 ta ɗayar, don haka ɗigon mai tsawo ne. Masana'anta na gyara shi da lensi mai doro ta gefe guda, kamar an tsaga kara biyu a tsaye, wanda ke lanƙwasa fuska ɗaya ya ƙyale ɗayar. A injina masu araha gyaran bai cika ba, yankan tsaye da na kwance ba sa zama faɗi ɗaya. Mai haɗa akwati ya auna biyun daban ya ba kowanne rararsa. Shuɗin hasken nan kuma har ƙwayar ido yake shiga ya ƙone ta, tabarau na kariya kuwa kowane da zangon da yake tarewa, na injin CO2 ba ya maganin wannan.

Bututu fa, yaushe za a yarda shi ne? Bayan an wanke lensi da madubai, an yi saiti, a sa guntun roba mai kauri a gaban madubi na farko, a rufe, a ɗana na ɗan lokaci. Lafiyayyen bututu na barin rami guda mai zagaye, mai zurfi a tsakiya kamar cikin turmi. In ramin ya fito zobe, ko ya rabu biyu, ko da ƙyar ya yi tabo alhali allurar wuta na nuna abin da ta saba, to a nan ne kuɗin sabon bututu ya halatta.

Muna kira ga sassan kimiyyar lissafi da na injiniya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura, su duba yiwuwar shirya wa masu wannan sana'a bita ta kwana ɗaya ko biyu, da Hausa, a kan tebur. Kayan ba su da yawa. Lensin gilashi mai faɗin milimita 50 da tazarar 100, da kwali biyu, ɗaya an huda masa tsakiya, ɗaya an rufe tsakiyar an bar siririn zobe a gefe, da tocila a can ƙarshen ɗaki mai duhu. Ɗalibi zai auna da rula ya ga matattarar gefe da ta tsakiya sun bambanta da milimita 7 zuwa 8, ya kife lensin ya ga ratar ta kai kusan 30. Da lensi mai kwarmi mai tazarar matattara milimita 25 da mai doro mai 100, a tazarar 75 tsakaninsu, shafaffun fuskokin na kallon juna, an faɗaɗa zare sau huɗu. In ɗakin gwajin na da jar leza ta hiliyam da niyon mai zare 0.8, lensin madubin likita mai tazarar 16 zai tara ta a ɗigo na maikiron 16, a ratsa ta ta huda mai maikiron 25, a ga yadda zobban da ƙura ta haifar ke ɓacewa daga bango. Ko matattun na'urorin DVD da ke jibge wurin masu gyaran rediyo abin koyarwa ne. Lensin da ke karanta faifai an sassaƙa shi ne ya tara haske bayan ya ratsa roba mai kaurin milimita 0.6, na CD kuwa 1.2, kuma wannan bambanci na rabin milimita da ɗoriya ya isa ya hana ɗaya karanta faifan ɗaya in ba an yi masa dabara ta musamman ba. Lensin kawai za a cire, kada a bar ɗalibai su jona wa ƙwayar lezar wuta.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Daga wasu malaman kimiyyar haske da masu gyaran injin leza,
Katsina.